Na tashi kai Iya rumfar zaɓe ran Asabar, ɗanta ya yi mini tsawa

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Jos ce, shekarata huɗu a Melbourne ta ƙasar Ostireliya, ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Shekara biyu ke nan ina kula da wata tsohuwa Bayahudiya a unguwar Caulfield, shekarunta 91, haifaffiyar Hungari. Iya nake ce mata. Mutuniyar kirki ce, in ta ga na shimfiɗa darduma ba ta kirana sai na idar.

Zaɓen tarayya na 3 ga Mayu 2025 ran Asabar aka yi shi, kamar kowane zaɓe a nan. Iya ta saba aika ƙuri'arta ta gidan waya, amma bana ta yi sati uku a asibiti, ba wanda ya tuna ya nemo mata takardar. Da safen ranar na tarar da ita tana hawaye, ta ce tunda ta zama 'yar ƙasa zaɓe bai taɓa wuce ta ba. Na ce ta tashi in kai ta a motata, ni zan riƙe fensir, ita dai ta riƙa faɗa mini lambobi. Ta yi shiru, can ta ce in ɗauko mata rigar sanyi. Muna bakin ƙofa sai ga ɗanta ya dawo daga majami'a da 'ya'yansa biyu. A gabansu ya yi mini tsawa, ya ce uwarsa ta fi shekara saba'in ba ta keta Asabar ba, ba ni zan sa ta fara ba. Iya ta koma ciki ba ta ce uffan ba.

Abin da ya ɗaure mini kai, duk Asabar ni ke kunna mata hita, ni ke kunna fitilar banɗaki da dare, ba wanda ya taɓa cewa kanzil. Me ya halatta wannan, ya haramta rubuta lamba? Maigidana ya ce Asabar fakewa ce kawai, don ni baƙa ce kuma Musulma suke zargin zan karkatar da ƙuri'arta, kuma wai Yahudawa masu riƙon addini ba ruwansu da zaɓen ƙasar da ba tasu ba. Ya ce in ajiye aikin. Wata biyu ke nan tsakanina da ɗan sai ɗaga hannu. Ina son Iya. Laifi na yi? In tafi ko in zauna?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki zauna. Kin ga tsohuwa tana kuka kin tashi share mata hawaye, kuma duk wadda ta tashi a gidan mutunci haka za ta yi. Sai dai mafitar da kika kawo mata ta taka wani wuri mai zafi a addininsu. In kika gane wurin, ina sa ran rabin nauyin da ke ƙirjinki zai sauka.

Bari mu fara daga gida. Kin san hadisin Abu Ƙatada da ke cikin Bukhari da Muslim. Yana tafe da wasu sahabbai da suka ɗaura harami, shi bai ɗaura ba, sai ya hango jakin dawa. Ya hau dokinsa, bulalarsa ta faɗi, ya ce su miƙo masa, suka ƙi. Ya sauko ya ɗauki abarsa, ya je ya farauto. Da maganar cin naman ta kai ga Manzon Allah (SAW), abin da ya tambaya shi ne ko akwai wanda ya umurce shi a cikinsu, ko ya yi masa nuni. Suka ce babu, sannan ya ce su ci. Wato mai harami da aka hana farauta ba zai aika wanda ba shi da harami ya farauto masa ba, ko bulala ba zai miƙa ba. Abin da ya faru a bakin ƙofar Iya ɗan'uwan wannan ne.

Shari'ar Yahudawa sunanta halaka da harshensu. Kada kunnenki ya kai ki ga halaka irin tamu, kalmar daga tafiya aka samo ta, ma'anarta hanyar da ake bi. A cikin Mishna, littafin hukunce-hukuncen da aka tattara wajen shekara ta 200 Miladiyya, an jera ayyuka 39 da ba a yin su ran Asabar. Rubutu na ciki, kuma harafi biyu kacal aka yanke a matsayin iyakar da in mutum ya kai ya keta ranar. Kunna wuta na ciki, shi kam Attaura da kanta ta ambace shi a Littafin Fitowa, sura 35 aya 3, kuma don haka ba sa tuƙa mota, tunda inji fetur yake ƙonawa. To dubi abin da kika haɗa mata a tafiya ɗaya: mota, sannan koriyar takardar nan ta majalisar wakilai da dole sai an cike kowane gurbi da lamba, 1, 2, 3 har ƙasa, ga kuma farar takardar majalisar dattawa. Ko fensirin ma mai kiyaye Asabar ba ya ɗaukarsa a ranar.

Za ki ce ai ba ita za ta tuƙa ba, ba ita za ta rubuta ba. Nan ne gizo ke saƙar. Ke Asabar ba ta hau kanki ba, su ma sun san haka, kina da ikon tuƙa motarki ki yi rubutunki. Amma malamansu sun hana Bayahude ya sa wanda ba Bayahude ba ya yi masa aikin da shi aka hana shi. Sun ma wuce nan. Mishna ta ce in wanda ba Bayahude ba ya kunna fitila don kansa, Bayahude na iya amfana da haskenta, in kuwa don Bayahuden ya kunna, ba halin amfana ko da ba a roƙe shi ba. Ta kawo labarin malaminsu Gamaliyel da ya iso a jirgin ruwa ran Asabar, wani wanda ba Bayahude ba ya kafa matakala don ya sauka da kansa, sai malamin da dattawan suka bi ta kanta suka sauka. Tambayar kullum ita ce, don wa aka yi aikin? Tuƙinki da rubutunki a ranar, don Iya ne daga farko har ƙarshe. Mu ma da muka karanta labarin mutanen garin bakin teku a Suratul A'araf, waɗanda masu tafsiri suka ce sun riƙa kafa wa kifi tarko kafin Asabar su kwashe bayanta, bai kamata mu yi mamakin Bayahuden da ke tsoron yi wa ranar nan dabara ba.

Hita kuma fa? Tambayar taki tana kan hanya, kuma tana da amsa a rubuce. Babban littafin fikihunsu, Shulhan Aruk, wanda Yosef Karo ya rubuta aka buga a Venis a 1565, ya halatta a sa wanda ba Bayahude ba ya hura wuta a ƙasashe masu sanyi, bisa hujjar cewa a gaban sanyi kowa majinyaci ne. Ya kuma halatta a sa shi ya yi wa marar lafiya abin da jikinsa ke buƙata ko da ciwon bai kai na mutuwa ba. Tsohuwa mai shekara 91 da ba ta daɗe da fitowa daga asibiti ba, a sanyin Melbourne na watan Mayu, ɗumin ɗakinta da hasken da zai hana ta faɗuwa a banɗaki duk sun shiga nan. In kuwa rai ne ke cikin haɗari, ɗan nata da kansa zai ɗauki waya ya kira motar asibiti, ya tuƙa in ta kama, kuma a wurinsu wajibi ya sauke. Ƙuri'a duk girmanta ba magani ba ce, ba ta shiga wannan rangwamen. Mu ma majinyaci yana shan azumi, amma ba a sha don an makara zuwa wani muhimmin taro.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne yadda lokaci ya kuɓuce muku da kaɗan. Asabar tasu tana shiga da faɗuwar rana ran Juma'a, tana fita in taurari uku suka bayyana a daren Asabar. A farkon Mayu rana tana faɗuwa a Melbourne wajen biyar da rabi, taurarin ba sa fitowa sai shida ta gota, rumfunan zaɓe kuwa shida daidai ake rufe su. Tun da safen da kika same ta tana kuka ƙofar ta riga ta rufu. Ta fuskar hukuma dai ba ta da abin tsoro. Gaskiya ne zaɓe tilas ne a ƙasar tun 1924, kuma wanda bai yi na tarayya ba ana cinsa tarar dala 20, amma dokar zaɓe ta karɓi uzurin wanda addininsa ya hana shi, ballantana ga rashin lafiya. In takardar tambaya ta zo daga hukumar zaɓe, a cike dalili a mayar.

Ke 'yar Jos ce, kin san 'yan cocin Asabar masu asibiti a Jengre. Su ma sun daɗe suna kuka da yadda Najeriya ke sa zaɓe ran Asabar, kuma har zaɓen 2023 ba su da wata ranar da za su riga kowa jefawa. Inda kike an tanadi hanya, saura a tuna da ita kan lokaci.

Sai maganar maigidanki cewa masu riƙon addininsu ba ruwansu da zaɓen wata ƙasa. Ki gaishe shi, ki ce masa Anti ta ce a nan bai samo daidai ba. Hawayen Iya kaɗai sun isa shaida, amma ga ƙari. A littafin Irmiya, sura 29 aya 7, an umurci Yahudawan da aka kwashe zuwa Babila su nemi zaman lafiyar birnin da suke baƙunta, su yi masa addu'a, don lafiyarsa ita ce tasu. A Babilar ne kuma malaminsu Shamuwel, a ƙarni na 3, ya kafa ƙa'idar cewa dokar ƙasa doka ce da ta hau kan Bayahude. Talmud, babban kundin sharhin malamansu a kan Mishna, ta ce ba a naɗa wa jama'a shugaba sai an shawarce su. Moshe Isserles na birnin Krakow, wanda Yahudawan Turai irin su Iya ke bin ƙarin bayaninsa a kan Shulhan Aruk, ya rubuta cewa in jama'a suka kasa daidaitawa wajen zaɓen shugabanninsu, a tara masu biyan haraji, kowa ya faɗi ra'ayinsa don Allah, a bi masu rinjaye. A zamaninmu kuma akwai Moshe Feinstein, babban mai fatawarsu a Amurka, wanda ya baro mulkin Sobiyet ya sauka a New York a 1937. A watan Oktoba na 1984 ya fitar da wasiƙa yana cewa ya wajaba kowane Bayahude ya yi rajista ya yi zaɓe, kuma hujjarsa godiya ce: ƙasar da ta ba ka mafaka ta bar ka ka yi addininka, ka rama mata da shiga cikin sha'aninta.

Na san inda maigidan naki ya tsinci zancen. Akwai ɗariƙar Satmar, mabiya Yoel Teitelbaum da ya rasu a 1979, da wasu irinsu a Birnin Ƙudus, waɗanda suka haramta jefa ƙuri'a. Amma zaɓen Isra'ila suka haramta, saboda a fahimtarsu bai halatta Yahudawa su kafa ƙasa ba kafin zuwan Almasihun da suke jira. Waɗannan 'yan Satmar ɗin a New York layi suke yi ran zaɓe, 'yan takara na zarya gidajen malamansu. Ke nan zancen a juye ya iso masa.

Ki kuma lissafa shekarun Iya. Tana da kamar biyar a 1939 lokacin da Hungari ta yi dokar da ta ƙwace wa Yahudawa da yawa 'yancin zaɓe, tana da kamar goma a 1944 lokacin da aka loda sama da dubu 430 daga cikinsu a jiragen ƙasa cikin 'yan makonni, akasarinsu zuwa sansanin kisa na Auschwitz. Yarinyar da ta ga an fara da cire sunan iyayenta daga rajista aka ƙare da cire su daga duniya, in ta girma ta sami ƙasar da ke aiko mata takarda tana tambayarta wa take so, ba za ta ɗauki takardar da wasa ba. Kuma ba ta yi kuskure ba in tana ganin ƙuri'a ɗaya na da nauyi. A wannan zaɓen, mazaɓar Goldstein da ta haɗa da wani yanki na Caulfield da ratar ƙuri'a 175 aka raba gardama.

Tsawar ɗan nata ba ta da kyau, ba zan wanke shi ba. Yana iya jan ki gefe ya yi miki bayani cikin minti biyu. Addinin nasa ma bai yarda da abin da ya yi ba, don Talmud ta kamanta kunyata mutum a bainar jama'a da zubar da jini. Amma ki sake sauraron kalmominsa kamar yadda kika rubuto mini su. Uwarsa ya ambata, da Asabar, da shekara saba'in. Bai ambaci fatarki ba, bai ambaci addininki ba, bai ambaci wata jam'iyya ba, kuma wata biyu bayan haka makullin gidan uwarsa na hannunki. Wanda ke zarginki da maguɗi ba zai bar ki kwana ɗaya ba. Ki tuna kuma wata biyar kafin ranar, a 6 ga Disamba 2024, aka cinna wa majami'ar Yahudawa ta Adass wuta a Ripponlea, nan kusa da ku. Mutanen unguwar a tsorace suke, mai tsoro kuma bakinsa na riga hankalinsa. Wannan bai ba shi lasisin wulaƙanta ki ba. In wata rana ya faɗi kalma a kan launinki ko Musuluncinki, rubuta ranar da abin da ya ce, ki kai wa kamfanin da ya tura ki, kuma a ranar ni ma zan ce ki nemi wani gidan.

Akwai wadda kowa ya yi magana a kanta ba wanda ya tambaye ta, ita ce Iya. Ta ce ki ɗauko rigar sanyi. Wannan ya tsaya mini a rai. Mai yiwuwa ta auna, ta ga a ranar ƙuri'arta ta fi mata, kuma in haka ne, babba ce mai hankalinta, ɗanta ba shi da ikon tsare ta a doka, tsakaninta da Ubangijinta ne. Mai yiwuwa kuma nauyinki ta ji. Tsofaffin da ke hannun mai jinya sukan ce to don kada su ɓata wa wanda ke yi musu wanka rai, kin fi ni sanin wannan. Shirun da ta yi kafin ta amsa, da shirun da ta koma ciki da shi, sun fi kama da na wadda aka ja ta gida biyu. Kuskurenki ɗaya, in za a kira shi kuskure, shi ne daga bakinki shawarar ta fito. Mai kula da tsoho tana taimaka masa ya yi abin da ya ƙudura, ba ta buɗe masa ƙofar da ya yi shekara saba'in yana rufewa, musamman a lokacin da yake kuka.

Don haka ki fara da ita. Wata Talata ko Laraba, kuna shan shayi, ki ce, "Iya, ran nan na so in taimake ki ne, ban san nauyin abin ba. In haka ta sake faruwa, me kike so in yi?" Ki saurara, abin da ta faɗa shi ne dokarki. Sannan ɗan. Kada ki tare shi ran Asabar, kada ki yi a gaban yaransa. Ki ce masa kin fahimci dalilinsa yanzu, ba ki yi niyyar raina addininsu ba, amma tsawar da ya yi miki gaban yara ta yi miki ciwo kuma ba kya son a sake. Duka biyun ki faɗa, kada ki haɗiye na biyun don neman zaman lafiya. Ki roƙe shi ya rubuta miki abin da ake so ki yi ran Asabar da ranakun idinsu da abin da ba a so, in ya ga dama ya tambayo malaminsu, a manna a jikin firij. Da kamfaninku ya yi wannan tun ranar da kika fara, da ba a kai nan ba, kuma ya kamata shugabarki a wurin aiki ta san abin da ya faru daga bakinki.

Zaɓen jihar Victoria na tafe ran 28 ga Nuwamba 2026, shi ma Asabar ne, kuma a lokacin rana ba ta faɗuwa sai bayan takwas na dare, ba ma zancen jiran taurari. Hukumar zaɓe tana da rajistar masu zaɓe ta gidan waya na dindindin, waɗanda ake aika wa takarda kowane zaɓe ba sai sun nema ba, kuma rashin ƙarfin jiki da hanin addini duk suna cikin dalilan shiga. Ki ce wa ɗan ya taimaka mata ta cike fom ɗin tun yanzu, don ko ta sake kwanciya asibiti takardarta za ta iso gida. In kuma ta fi son ta ga akwati da idonta, ana buɗe cibiyoyin zaɓen wuri kwanaki kafin ranar, ki kai ta ran Litinin ko Talata da hantsi. Doka ta ba wanda hannunsa ko idonsa ya gaza damar zaɓar mai taimaka masa ya cike takarda. In ta zaɓe ki, ki rubuta lambar da ta faɗa a gurbin da ta faɗa, ki karanta mata ta tabbatar, kada ki nuna ra'ayinki ko da da fuska, kuma abin da ta zaɓa kada ya fita daga bakinki, ko ga ɗanta ko ga maigidanki. In ɗan ya fi son shi ya riƙe fensirin kuma ita ta yarda, ki bar masa, ke ki tura keken.